Batir Da Caji: Ma'aunin Sayen Waya, Sola Da Motar Lantarki A Boɗinga Da Shagari

A kowace shekara kamfanonin ƙera kayan fasaha na fitar da sababbin wayoyi, na'urori da motoci, kuma tallarsu ta fi karkata ga kyawun kyamara, faɗin fuska, saurin intanet ko gudun mota. Ga mai saye a ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato kuwa, akwai tambayoyi biyu da suka gabaci waɗannan duka: daga ina na'urar za ta riƙa samun caji, kuma tsawon wane lokaci batirinta zai jure zafin yankin? Amsarsu ce ke tantance ko kuɗin da ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ya kashe zai zama jari ko asara. Wannan maƙala ta tattaro bayanan da ake buƙata domin yin wannan lissafi, tun daga wayar hannu har zuwa motar lantarki.

Yankin da yanayinsa

Boɗinga da Shagari na cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma dukkansu suna kan babbar hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta yi kudu zuwa Tambuwal da Jega. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna kimanin mutum 175,000 a Boɗinga da kimanin 156,000 a Shagari. Yanki ne mai tsohon tarihi. A Sifawa da ke ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, garin Boɗinga kuma ya taɓa zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi. Garin Shagari shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983.

Akasarin jama'ar yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ana noma gero da dawa da wake da damina, sannan albasa da tumatir da shinkafa a fadamu da rani. Kusancin garuruwan da babban birnin jiha ya sa malamai, ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma da fatake ke kai-komo a kan hanyar kullum, kuma kusan duk harkarsu ta ta'allaƙa ne da waya.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Sakkwato, tare da jihohin Kaduna, Kebbi da Zamfara. Babban layin da ke ciyar da Sakkwato ya taso ne daga Kainji ya biyo ta Birnin Kebbi, don haka matsala a wuri guda kan shafi yanki mai faɗi, kamar yadda aka gani a Satumbar 2023 lokacin da gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi. Ga kuma yanayi: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu ta zo da ƙura. Ƙarancin wuta, zafi da ƙura su ne abubuwa uku da kowace na'ura za ta yi zama da su a nan.

Yadda waya ta zama kayan sana'a

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a Janairun shekarar a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. MTN da Econet, wanda ya rikiɗe ya zama Airtel, su suka fara. Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Daga baya wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wato Tecno, Infinix da itel, suka mamaye kasuwa. Sirrin karɓuwarsu bai wuce abubuwa uku ba: sauƙin farashi, gurbin layi biyu, da babban batir mai daɗewa. Wato tun farko batir ne ya zaɓa wa jama'a wayar da za su riƙe.

Abubuwa biyu sun nuna yadda rayuwa ta rataya a kan waya. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, abin da ya tilasta wa mutane tafiya mai nisa domin kira ɗaya ko tura kuɗi. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haifar, masu shaguna da 'yan tireda da dama suka koma karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS ta kamfanoni irin su Moniepoint, OPay da PalmPay. Tun daga nan, mutuwar batir a tsakiyar cin kasuwa ta zama daidai da rufe shago.

Labaran fasahar sadarwa na baya-bayan nan ma suna komawa ga wuta. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a 2023, amma sabis ɗin ya fi yawa a manyan birane, don haka ƙarin kuɗin da ake biya saboda alamar 5G a jikin waya ba lalle ya amfani wanda ke zaune a ƙauye ba. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, sai dai na'urarsa na buƙatar wuta a duk tsawon lokacin da take aiki. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, kuma tsadar man da ake zuba wa janaretocin turakun sadarwa na cikin dalilan da kamfanoni suka gabatar.

Ma'auni guda: yunit

Abin da ke rikita mai saye shi ne kowace na'ura da irin lambobin da ake rubuta mata. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da komai zuwa ma'aunin da mai sayen katin mita ya sani, wato yunit. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha a cikin awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye yunit ɗaya a awa. Ƙwan fitila mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100.

A wannan ma'auni, batirin waya mai lamba 5,000 mAh yana ɗaukar kimanin kashi 2 cikin 100 ne kacal na yunit ɗaya. Ko da an cire abin da ke salwanta a caja, yunit ɗaya zai cika irin wannan waya kusan sau 40. Wannan ne ya sa sana'ar cajin waya ke da riba ga wanda ya dogara da sola, take kuma wahala ga mai tayar da janareta domin wayoyi ƙalilan. Fawa-bank mai lamba 20,000 mAh ba ya cika irin wannan waya sau huɗu kamar yadda lissafin farko ke nunawa. Sau uku ko ƙasa da haka ne, domin wani kaso na wutar yana zama zafi a lokacin da ake juya ta daga batir zuwa batir.

Fanka mai caji mai wat 20 tana shan kashi ɗaya cikin biyar na yunit a awa 10. Ƙaramar firiza kan sha yunit 1 zuwa 2 a yini gwargwadon zafi da yawan buɗewa. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana iya shan kusan yunit ɗaya a kowace awa. Babban batirin inbata mai bolt 12 da lamba 200 Ah yana ɗaukar yunit 2.4. Batirin babur mai lantarki kan kama daga yunit 2 zuwa 4, na motar Hyundai Kona mai dogon zango kuma yunit 64. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma zai iya auna duk wani alƙawarin da mai talla ya yi masa.

Ire-iren batir

Batura iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko shi ne mai dalma da ruwan batir, dangin batirin mota, wanda ya haɗa da dogon batirin da ake kira tubula da kuma wanda aka rufe ba a ƙara masa ruwa. Yana da sauƙin kuɗi, amma yana da nauyi, kuma ƙa'idarsa ita ce kada a sha fiye da rabin wutarsa kafin a sake caji. Ke nan batir mai yunit 2.4 abin da ake mora a cikinsa ba tare da cutar da shi ba yunit 1.2 ne. Tubula na buƙatar a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ko na famfo ba, a kuma ajiye shi inda iska ke shiga.

Na biyu shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma masanan da suka share masa fage, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka samu kyautar Nobel a 2019. Shi ne a cikin waya, kwamfuta, POS, babur da motar lantarki. Ba shi da nauyi, yana saurin caji, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na wutarsa. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2024, wanda shi ne babban dalilin yaɗuwar motocin lantarki da manyan baturan sola.

Litiyam ɗin ma kashi-kashi ne. Nau'in da ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma mai inganci na iya yin zagayen caji 3,000 ko fiye. Shi ya fi dacewa da gida da shago a yanki irin wannan. Batirin waya kuwa an tsara shi ne ya riƙe kimanin kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500 zuwa 1,000, wato shekara biyu zuwa uku ga mai amfani da waya kullum. Raguwar ƙarfin batir bayan wannan lokaci tsufa ne, kuma sauya batir ya fi sauya waya arha.

Abin da zafi da ƙura ke yi

Ana gwada yawancin batura da farantan sola ne a digiri 25, yanayin da rana a Sakkwato ba ta cika sauka gare shi ba sai da hunturu. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin da ya kamata a yi amfani da wayarsa a ciki. Ga batir mai dalma, ƙa'idar da masu fasaha ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na rage tsawon rayuwarsa da rabi. Batirin da aka rubuta zai yi shekara biyar, idan aka kulle shi a ɗaki mai rufin kwano ba taga, zai iya gazawa cikin shekara biyu.

Litiyam ya fi lalacewa idan zafi da cikakken caji suka haɗu. Don haka ana ba da shawarar kada a bar waya a gaban mota ko a kan teburin da rana ke duka, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi, a cire rigar waya idan ta yi zafi lokacin caji, a kuma guji yin kallo ko wasa da ita tana jone. Barin caji tsakanin kashi 20 da 80 na tsawaita rayuwar batir, kuma wayoyi da yawa yanzu suna da wurin saita iyakar caji. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi ya zama haɗari: ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a sake jona shi. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba, domin a 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya saboda baturanta na kamawa da wuta.

Farantin sola ma zafi na rage masa ƙarfi. Haske yake so, ba ƙuna ba, kuma yana rasa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da jikinsa ya haura 25. Shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano domin iska ta ratsa. Ƙurar hunturu kuma tana rufe fuskarsa. Wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, lokacin da gilashin ya huce, na dawo da abin da aka rasa.

Sola a gida, shago da fadama

Abin da yanayin ya ɗauke da hannun hagu ya mayar da hannun dama, domin Sakkwato na cikin sassan Najeriya da suka fi samun hasken rana. Binciken cin moriyar wannan arziki ya daɗe a jihar. An kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1982, a zamanin mulkin Shehu Shagari, kuma ta gwada samar da wutar sola a ƙauyen Kwalkwalawa tun kafin farantai su cika kasuwa.

Abin da ya mayar da sola daga kayan gwaji zuwa kayan masarufi shi ne tsada. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage shi daga baya.

Tsarin sola na da sassa huɗu: faranti mai tara wuta, kwantirola mai daidaita shigarta batir, batir mai ajiya, da inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida. A yanayin Sakkwato, faranti mai wat 500 kan ba da yunit 2 zuwa 2.5 a yini. Lissafi na farawa ne daga kayan da za a kunna: a jera su, a ninka ƙarfin kowanne da awannin aikinsa, a tara. Shago mai fitilu huɗu, fanka biyu, POS da cajin wayoyi ba zai kai yunit ɗaya da rabi a yini ba. Da zarar an ƙara firiza, buƙatar ta ninka. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babban batir da ƙaramin faranti, sai batirin ya kwana biyu bai cika ba, wanda hakan ke saurin kashe batir mai dalma.

Ga manoman rani, famfon ban-ruwa mai sola yana da fifiko guda: yawancinsu ba su buƙatar batir, domin suna aiki kai tsaye da rana, lokacin da ake buƙatar ruwa. Cire batir daga lissafi na cire sashen da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa.

Motar lantarki da alaƙarta da Sakkwato

A duniya an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a 2024, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su, inda kamfanin BYD ke gogayya da Tesla na Amurka. A Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur da dizal a 2024. A Najeriya, gwamnatin tarayya ta sanar a Oktoban 2024 cewa ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki.

Jihar Sakkwato na da gurbi na musamman a wannan tarihi. Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, shi ne ya zana fasalin farko na motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC. A zamaninsa aka gabatar da Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas a 2020. A Afrilun 2021 kuma hukumar ta buɗe tasharta ta farko ta cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kafin ta Jami'ar Legas da ta Nsukka. A Maiduguri ma, gwamnatin Borno ta sa tasi masu lantarki a hanya a ƙarshen 2023.

Lissafin mota a bayyane yake. Kona mai yunit 64 an ƙiyasta mata tafiyar kimanin kilomita 480 a caji ɗaya, tana shan yunit 15 ko kusa da haka a kowane kilomita 100, kuma kunna na'urar sanyi a zafin bazara na ƙara wannan adadi. Idan aka ƙaddara yunit a naira 210, kilomita 100 zai ci kimanin naira 3,200. Motar fetur mai shan lita 10 a wannan tazara, idan aka ƙaddara lita a naira 900, za ta ci 9,000. Ga kuma rashin sauya baƙin mai, fulogi da makamantansu.

Sai dai wannan riba ta dogara ne kacokan a kan inda wutar ta fito. Janareton fetur na gida ba kasafai yake fitar da fiye da yunit 2 daga lita ɗaya ba, don haka wanda zai yi caji da shi zai ƙona lita 7 zuwa 8 domin kilomita 100, riba ta tafi. Wanda zai yi da sola kuma yana buƙatar farantai bakwai ko takwas masu wat 500 domin motar kaɗai, kuma dole motar ta kasance a gida da rana, in ba haka ba sai an sayi wani babban batirin da zai tara mata wutar. Ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da yamma ya kamata ya fara warware wannan kafin ya biya kuɗin mota. Haka nan ya tambayi wanda zai gyara ta, domin batirinta na ɗauke da ɗaruruwan bolt, ba aikin kowane bakanike ba ne.

Babur da keke mai ƙafa uku

Inda lantarki ya fi kusa da aljihun jama'ar yankin shi ne babur. Babur mai lantarki kan sha yunit 3 zuwa 5 a kilomita 100, abin da farantai biyu masu wat 500 za su iya samarwa a yini. Ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 30 ko 40 a rana ba, caji ɗaya ya wadatar. Ga ɗan kabu-kabu da mai keke Napep kuwa, matsalar lokaci ce, domin awannin da abin hawa ya yi a jone awanni ne da ba a samu fasinja ba. Maganin da kamfanoni irin su Spiro da Ampersand suka kawo a Benin, Togo, Ruwanda da Kenya shi ne tashar musayar batir: a ajiye wanda ya ƙare, a ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. Inda babu irin wannan tasha, mai haya na buƙatar batir na biyu.

Mai saye ya tambayi nau'in batirin da ke cikin babur, domin masu arha da yawa dalma ke cikinsu, ba litiyam ba. Ya tambayi kuɗin sabon batir da inda ake samunsa, tun da shi ne sashe mafi tsada. Ya kuma rage wani abu daga tazarar da aka rubuta a takarda, domin an auna ta ne da mutum ɗaya a kan kwalta, ba da buhun albasa a kan rairayi ba.

Jabu, garanti da haƙƙin mai saye

Yawancin kayan da ke isa shagunan Sakkwato sun biyo ne ta manyan kasuwanni irin su Computer Village da Alaba a Legas, da Farm Centre da titin Beirut a Kano, inda na gari da na jabu ke tafiya tare. Alamar jabun batir ta farko ita ce lambar da ta fi jikinsa: fawa-bank ɗan ƙarami mara nauyi da aka rubuta wa 50,000 mAh ƙarya ce, domin wuta mai yawa sai da nauyi. Haka faranti: girmansa ya dace da wat ɗin da aka rubuta. A wajen waya, danna *#06# na fito da lambar IMEI, wadda ya kamata ta yi daidai da ta jikin kwali. Caja mara inganci kuma na iya lalata batir ko ta haddasa gobara. Yaɗuwar bakin caja na USB-C, wanda Tarayyar Turai ta wajabta daga ƙarshen 2024 kuma Apple ya koma masa tun daga iPhone 15, ta sa caja ɗaya mai kyau na iya wadatar da na'urori da dama.

Hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya, NCC ke tantance wayoyi kuma tana karɓar ƙorafin masu layi ta lamba 622, hukumar FCCPC kuma ke kare haƙƙin masu saye. Amma duk ƙorafi sai da shaida, don haka rasit mai ɗauke da kwanan wata, lambar kaya da wa'adin garanti wani ɓangare ne na cinikin. A wajen sola, a rubuta wanda zai ɗauki nauyi idan batir ya gaza: mai sayarwa ko mai haɗawa.

Makomar tsohon batir

Batir idan ya mutu ba ya zama shara irin ta gida. Mai dalma guba ne, musamman ga ƙananan yara, kuma Arewa maso Yamma ta san illar dalma tun daga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadiyyar gubar da ta fito daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Fasa tsohon batir ko narkar da dalmarsa a tsakar gida na jawo irin wannan haɗari. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da dokokin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA domin tsara tattarawa da sarrafa su. Abin da ya fi ga mai gida shi ne ya mayar da tsohon batir ga dillali ba tare da an fasa shi ba, sau da yawa ma a rage masa kuɗin sabo. Na litiyam kuwa ba a jefa shi a wuta ko a bola.

Jerin tambayoyin mai saye

Kafin biyan kuɗin kowace na'ura, tambayoyi biyar sun isa. Yunit nawa take sha a yini? Daga ina wannan wuta za ta fito a ranar da babu ta kamfani? Wane nau'in batir ne a ciki, kuma ina za a ajiye shi daga zafi? Nawa ne sabon batir, kuma ana samunsa a Sakkwato ko sai an aika Kano ko Legas? Wa zai gyara, kuma me garanti ya ƙunsa a rubuce? Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na'urar da ta amsa waɗannan tambayoyi za ta yi wa mai ita aiki shekaru a Boɗinga ko Shagari, ko da ba ita ce sabuwar fitowa ba. Wadda ta kasa kuwa, komai sunanta, kuɗin sabon batir na jiran mai ita tun kafin ya gama biyan na farko.